Sunan da Barira Ba Ta Faɗa

A Diobu ta Fatakwal, in ka ce Barira mai dambu, ko yaron da ba ya jin Hausa zai nuna maka ƙofarta. Dambun nama take yi a gida, da naman da mijinta Mijinyawa yake ware mata daga teburinsa na kasuwar Mile One. Bayan dambun, abu biyu aka san ta da su: tsoro da kunya. Tsoron na gaske ne, ba na yanga ba. Ta haura shekara talatin a garin ruwa amma ba ta taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Kunyar kuma irin ta mutanen da ce, wadda ta taho da ita daga ƙauyensu na ƙasar Haɗeja. Tun da aka kawo ta, bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba. Alhaji take cewa, in tana ba da labarinsa kuma sai ta ce "shi". Ko a asibiti aka tambaye ta sunan maigida, waigawa take yi ta nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya amsa.

Sunan ma dai kusan ya ɓace a garin. Masu sayen nama "Aboki, put jara" suke cewa in suna neman gyara, yaransa su ce Oga, mahauta 'yan'uwansa su ce Alhaji. Mahaifiyarsa ce ta ƙarshe da take kiransa da shi gatsau, ita kuma ta daɗe da rasuwa.

Bara Mijinyawa ya yanke jiki ya faɗi a mayanka, aka ce hawan jini ne. Tun daga ranar Barira ta daina barci mai nauyi. Shi kuwa gogan, da ma sarkin barkwanci ne, yana miƙewa ya ce rai ba shi da tabbas, sai ya ga dalar Masar da idonsa. 'Yarsu Hanifa, wadda take aikin jinya a Enugu, ta haɗa su da wani ayarin masu yawon buɗe ido. Barira ta yi kuka har ta gaji. Sai dai ƙin zuwa yana nufin ya tafi shi kaɗai da ciwonsa, don haka ta ƙulle ƙwayoyin maganinsa a bakin mayafinta, ta shiga jirgi tana salati.

A Alƙahira tsoro ya samu gonar yawo. Motoci ba sa tsayawa, ba ta jin abin da ake faɗa, fasfo da katin otal duk suna aljihun Alhaji. Abin da ke hannunta waya ce kawai, don ita aka naɗa mai ɗaukar hoto. Tana ta lissafin in ya sake faɗuwa a nan wa za ta kira, da wane baki. Shi ko a jikinsa. Ya ga Turawa suna wasan hoto, ya rantse ba za su fi shi ba. Aka ɗauke shi yana latsa cinyar raƙumi kamar mai taya shi don yanka. Aka ɗauke shi a bakin Nilu ya tara tafin hannu, wai ya tallabo rana.

"Hajiya, abeg, yi dariya mana," in ji shi. "Hoton ta'aziyya muka zo yi?"

Ranar zuwa dala, tun daga ƙofa 'yan talla suka yanyame shi. Ganin babbar riga da hula, kowa sai "Ya Hajji! Hajji!" yana tura masa carbi ko gyale. Jagoran ayarin ya ce kada a waiwaya, wanda ya waiwaya ya saya. Mijinyawa ya toshe kunne, ya ce yau ya bar Alhajin a otal.

Hoton da ya ƙwallafa rai a kai shi ne wanda zai fito ya kama tsinin dala da yatsu biyu, kamar mai ɗibar gishiri. Ya tsayar da ita a gefen wani dutse, ya ɗaga hannu, yana ja da baya yana tambaya da ka ko ya yi. Ita da kanta ta yi masa alamar ya ƙara matsawa. Ya yi nisa ke nan ta hango a cikin wayar wani keken doki ya gangaro daga tudu a guje, dokin ya ƙi linzami, Alhaji kuma bayansa yake bai wa hanyar, yana shiga cikinta da kaɗan-kaɗan.

"Alhaji!"

Bai motsa kai ba. Mai keken ma ihu yake yi, "Ya Hajji!" Shi kuwa murmushi yake, yatsu a sama, ya ɗauka 'yan carbi ne.

"Alhaji! Malam!"

Wasu dattawa biyu suka waigo, ban da shi. Tazarar ta fi ƙarfin gudunta. A zuci ta ga gawarsa a ƙasar da ba ta san kowa ba, ta ga kanta ta koma Diobu da jakarsa. Sunan ya zo mata baki, kunyar shekara talatin ta danne shi, Alhaji kuma ya ƙara ja da baya taku guda.

"Mijinyawa!"

Ya ƙame. Sannan ya zaburo gaba, wajen muryar. Keken ya wuce ta bayansa, ƙafar keken ta fizgi gefen rigarsa ta yage shi.

Da ya iso wurinta a razane yake, kuma ba dokin ne ya kaɗa shi ba, don sai daga baya ma ya ga yagar.

"Wa ya kira ni?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni ce."

"Wallahi na ɗauka Inna ce," ya faɗa a hankali. "Na ce to, lokaci ya yi, ta zo tafiya da ni."

Nan Barira ta durƙushe a kan yashi ta fashe da kuka, Larabawa da Turawa suna kallo, ko a jikinta.

Ashe garin firgita yatsanta ya danna wayar. Hoton yana nan rataye a ɗakinsu: Mijinyawa baki buɗe, ido waje, yatsunsa sun kama iska, dala tana can gefe abinta. Baƙi in sun gani sai su yi ta dariya, shi ma ya taya su. Barira ba ta kallonsa, in za ta goge ƙura ma kawar da kai take yi.

Wani lokaci in sun rage su biyu tana dakan nama, yakan matso ya ce, "Hajiya, don Allah sake faɗa mini sau ɗaya. Na manta yadda yake a baki."

Takan ajiye taɓarya ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Alhaji, bar roƙon nan. Allah kada ya sake nuna mini ranar da zan faɗe shi."