Amsar da Baba Ya Bayar a Soro

Duk Litinin ɗin farkon wata takardar take zuwa. Kamfanin da ke ƙidayar masu sauraron rediyo a Kano ne yake aiko ta, shugaban shirye-shiryen tasharmu ya buga ta ya manna a allon da ke bakin ɗakin labarai. Kowane shiri da layinsa, a gefen layin kuma 'yar ƙaramar kibiya, koriya idan masu sauraro sun ƙaru, ja idan sun ragu. Na sha ganin ƙattan maza masu muryar da gari ke ji da ita sun tsaya gaban allon nan suna haɗiyar yawu. Ni ma ban fi ƙarfinsa ba, sai dai ni nakan bari kowa ya watse kafin in je in duba.

Shekara bakwai ina gabatar da shirin hantsi, daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, Litinin zuwa Juma'a. Shirin mata ne. Mukan kawo ungozoma, ko mai sana'ar awara, ko malamar Islamiyya, mu yi hira a tsanake, mata su bugo waya su yi tambaya. Babu wanda ya taɓa zagin wani a cikinsa, kuma ina alfahari da hakan. Sai tashar da muke goga kafaɗa da ita ta ɗauko sojojin baka biyu daga jam'iyyu biyu, ta zaunar da su ƙarfe goma daidai, suna jifan juna da habaici, ana raba katin waya ga duk wanda ya bugo. Nan da nan gari ya ɗauka. Wata biyu a jere kibiyata tana fitowa ja.

A wata na biyun shugaban ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, ko fuskata bai iya kallo ba, sai jujjuya biro yake yi.

"Hajiya, ni ba ni da ƙorafi a kan shirinki," in ji shi. "Masu talla ne ba sa karanta komai sai kibiyar nan. In ta sake fitowa ja, dole in ba wa 'yan siyasa lokacin."

Na ce masa na ji. Na fito ina murmushi saboda mutane.

Watan nan ban san daɗinsa ba. Daga gidana da ke wajen Ƙofar Dawanau zuwa tasha, aikina kasa kunne. In na shiga adaidaita sahu sai na fara sauraron tashar da direba ya kama kafin in faɗi inda za ni. Teburin mai shayi, shagon tela, rumfar mai gyaran waya, ko'ina muryar mutanen nan biyu nake ji ko maimaicinta. Har na fara jin haushin mutanen da ba su san ina yi ba. A ofis kuwa akwai rediyon da ba a taɓa gusar da shi daga tashar abokan hamayya ba, muna leƙensu suna leƙenmu. Wata rana zuciya ta ɗebe ni, na gayyato mata biyu da na san ba sa ga maciji, na jefa musu maganar tsadar kayan ɗaki, na koma gefe ina kallo suna cacar baki. Wayoyi sun shigo ba laifi. Ni dai na fito daga ɗakin watsa shiri ina jin kunyar kaina.

Da yamma Inna ta kira ni ta ce Baba ya ba ta saƙo. Wai a gaya wa mai shirin nan, hayaniya ba ta karɓe ta ba.

Haka saƙon Baba yake zuwa kullum. Ni ce 'yar fari, tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ina kusa "ke" ce, in ba na nan "yarinyar nan", da na fara aiki kuma na koma "mai shirin nan". Yana zaune a soron gidanmu na Soron Ɗinki yana aikin wuyan babbar riga, sana'ar da ya gada, da ƙaramin rediyonsa a ƙarƙashin tarin yadi. Inna ta ce da goma ta yi zai rage murya ya matso da shi kusa da gwiwarsa, in wani ya yi sallama kuma ya yi sauri ya kashe. Bai taɓa ce mini ya ji shirin ba. Amma duk ranar da na katse baƙuwa tana magana, ko na ja aya ban cika ta ba, kafin magariba gyara ya iso ta bakin Inna. Ban taɓa neman fiye da haka a wurinsa ba, don na san iyakar abin da zai iya kenan.

Ran Asabar ɗin da abin ya faru na je gida gaisuwa kamar yadda na saba. Muna tsakar gida da Inna da gwaggona da matan ƙannena biyu, ana tsince shinkafa, suna ta yi mini tsiya a kan matan da na haɗa faɗa. Dukansu ba sa fashin shirin, rediyo a rataye yake a jikin ƙusar bakin madafi. Sai muka ji sallama a soro. Muryar namiji ce, ya ce daga kamfanin binciken masu sauraron rediyo yake, ko Baba zai ba shi minti biyar.

Shekara bakwai ina rayuwa a ƙarƙashin takardar mutanen nan, ban taɓa ganin ɗayansu ba sai yau, a ƙofar gidanmu. Na miƙe na lallaɓa na tsaya bayan ƙyauren da ya raba soro da cikin gida. Ta tsagar ƙofar na hango shi, magidanci ne mai ɗan gemu, da jaka a kafaɗa da babbar waya a hannu, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma. Fita ba ta yiwuwa. An sha ja mana kunne cewa duk ma'aikacin da aka kama yana sa baki a binciken, tashar gaba ɗaya za a cire daga lissafin watan. Ko babu wannan ma, ban isa in faɗo soro in tsoma baki a maganar Baba da baƙo ba.

Ya tambayi shekarun Baba da sana'arsa, ya tambaya ko akwai rediyo a gidan. Sannan ya zo kan tambayar da nake jira. Jiya Juma'a, tsakanin goma da sha ɗaya na safe, wace tasha Baba ya saurara, kuma wane shiri?

Baba ya ci gaba da jan zare. Ya soka allura, ya zaro, ya sake sokawa. Na san yana ji, na san kuma abin da ya riƙe masa harshe. Faɗin shirin daidai yake da ya ce wa baƙo, ga ni nan dattijo ina zaune ina sauraron 'yar fari tawa ina jin daɗi.

"Rubuta abin da mutane suke ji," in ji Baba.

Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce, shirin masu siyasar nan kenan na ɗaya tashar, ai kowa shi yake faɗa. Baba ya ce to. Na ga yatsan mutumin ya taɓa fuskar wayar.

Mutumin ya tambaya ko a cikin iyali za a samu wadda zai yi wa tambayar. Baba ya ɗaga kai ya dubi rubutun da ke saman ƙofar da nake bayanta, wanda aka yi da shuɗin fenti tun ina yarinya, ba a shiga. Mutumin ya ce babu komai, haka yake fama a duk cikin birni, zai sa musu irin amsar maigida. Mata huɗu suna zaune taku goma daga inda yake, da rediyonsu a rataye. Na kai hannu zan ja ƙyauren, sai na ji Inna ta riƙe mini wuyan hannu. Ban san lokacin da ta zo bayana ba. Ba ta sake ni ba sai da ƙarar takalminsa ta ɓace a lungu.

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin nauyinsa. Na shiga soro ban durƙusa ba. A tsaye na yi wa Baba magana, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa mutumin nan ƙidaya yake yi, da irin amsar nan ake yanke wa shiri hukunci, kuma an riga an gaya mini wannan watan ne na ƙarshe in ba a samu canji ba.

Ya dube ni, ya mayar da ido kan rigar. "Baƙo ne," ya ce a hankali. "Me zan ce masa?"

"Gaskiya za ka faɗa masa, Baba."

Allurar ta tsaya. Bai ɗago ba. Na ji Inna ta yi salati a bayan ƙofa. Mutumin da unguwa ke kira shaida in an yi saɓani, shi na tsaya a kansa na ce ya faɗi gaskiya. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi wa matan gidan ba.

Ran Litinin na tari shugaba da maganar. Na ce masu saurarona suna bayan katanga, maza ake aikowa su tsaya a soro su tambayi maza, ta yaya mata za su fito a takarda? Ya ce maganata a kan hanya take, zai rubuta wa kamfanin su riƙa haɗawa da mata masu tambaya. Amma ya ce ko sun yarda sai an ɗauki lokaci, masu talla kuma ba za su jira ba. Na san gida ɗaya ba ya juya kibiya, ko Baba ya faɗi shirin da babbar murya babu abin da zai canza. Na san haka sarai, amma ban je gida ba Asabar uku. Rabi fushi ne, rabi kuma ban san da wace fuskar zan shiga soron ba.

Takardar ta zo. Wannan karon ban jira kowa ya watse ba, na kutsa na duba. Ja ce. A makon aka ɗauko namu sojojin bakan aka ba su ƙarfe goma, ni kuma aka mayar da ni karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa bayan la'asar. Na yi kuka a banɗakin ofis, na wanke fuska na fito na taya su murna.

Wata Laraba da hantsi na rasa inda zan sa kaina. Shekara bakwai ban taɓa ganin titi a wannan lokacin ba. Na hau adaidaita na ce Soron Ɗinki. Tun daga bakin lungu na hango Baba, ba a cikin soro ba, a kan dakalin ƙofar gida, rana tana dukan rabin jikinsa. Idonsa ba ya son hasken nan, shi ya sa tun da can yake aiki a ciki. Rediyon yana gefensa a fili, a kan tasharmu, sababbin mutanenmu suna ta ɗaga wa juna murya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, na wuce ciki.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tun washegarin ranar da mai tambayar ya zo Baba ya fito da tabarmarsa waje. Duk wanda ya shigo lungun da jaka a kafaɗa sai ya tsayar da shi. Ya tare mai karanta mitar wuta, ya tare masu allurar rigakafi, har wani mai tallan littattafai, yana tambayarsu ko su ne masu tambayar rediyo. In zai tafi masallaci sai ya bar mata sallahu, in mutumin ya zo a ce ya jira.

A wurin aiki kowa ya san masu binciken ba sa komawa gidan da suka riga suka yi tambaya, kowane wata sababbin gidaje ake zaɓa. Shirin kuma ya riga ya tafi.

Da zan tafi na sake durƙusawa a gaban dakalin. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni, idonsa a kan zare.

"Ke, mai tambayar nan, yaushe yake dawowa?"

Na dubi gumin da ke bin wuyansa, na dubi rediyon. Na ce, "Wataƙila wata mai zuwa, Baba."

"To," in ji shi. "Ina nan."

Ya gyara zama ya ɗan juya wa rana baya, ya ci gaba da ɗinkinsa yana ɗaga kai lokaci-lokaci yana duban bakin lungu.