Muryar da Na Kunna a Majalisa

Da ana mayar da abin da ya wuce, da na mayar da minti biyun da na kunna wayata a majalisarmu. A lokacin ni dattijo ne a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, manomi, mai ɗan karatun firamare, shi ya sa duk baƙon da ya zo da takarda ni ake haɗa shi da shi. Haka aka haɗa ni da wata malama daga jami'a, mai binciken yadda mutanenmu ke neman magani. Tana naɗar hirar mutum a wayarta, bayan ta yi masa alkawarin ba za a rubuta sunansa ba, lamba za a sa.

Bayan ta koma sai ta turo mini guntun wata hira ta wasap. Ta ce mai maganar ya ambaci wata saiwa da Fillanci, ba ta gane ba, in taimaka mata, kuma abin ya tsaya tsakaninmu. Ni ma ban san saiwar ba. A tunanina sirri suna ne, kuma ba suna a ciki. Sai na kai majalisa bayan La'asar, na kunna wa wani Bafillace da ke zama da mu. Ban kawo a raina cewa muryar da ke kiran salla sau biyar a lasifika ba ta bukatar suna ba. Ladanmu ne, wanda ke jan salla in liman ba ya nan, yana bayanin fitsarin da ke zubo masa ba da saninsa ba. Wani ya tambaya a hankali ko sallolin da muka bi shi suna nan.

Liman ya yi bayani cewa mai lalura yana da hukuncinsa, amma magana ta riga ta zaga gari. Ladan bai sake shiga gaba ba, daga baya ya bar kiran sallar ma. Da na je ba shi haƙuri, ya kira ni Yaya kamar kullum, ya ce ya yafe, sai dai yana so in gaya masa wane ne ya karya alkawarin, tunda shi da malamar ya yi, ba da ni ba. Malamar ta yi kuka a waya ta ce laifinta ne. Ni kuwa na san yatsana ne ya danna. Har yau ban gane inda amanar ta tsinke ba, a hannunta ko a nawa.

Abin da na sani shi ne, a ƙauye goge suna ba ya ɓoye kowa. Don Allah masu karatu, in muryar wani ta shigo wayarku tana maganar ciwonsa, kada ku kunna wa kowa, ko da da kyakkyawar niyya ce. Ku koma ku tambayi mai ita.