Dutsen Niƙan da Aka Kife a Kufai

Ranar wata Alhamis ce, a ƙarshen kakar shekarar da na shiga aji huɗu, aka ɗaura wa shanu amalanke biyu a ƙofar lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, tun rana ba ta yi zafi ba. Muka cika su maƙil, kowa da guzurinsa: wani ƙuli-ƙuli, wata dafaffen rogo, wasu gorar fura da aka toshe da totuwar masara. A gaban amalanken farko kakata Iya ce zaune a kan buhu, ta rungume sandarta, ta ɗaura baƙin saƙinta wanda ba ya fitowa daga adaka sai da Sallah. Ni kuwa can baya na maƙale ina ta zumɓura baki, don a ganina babu abin kunya a duniya irin a ce kakar mutum ta biyo shi makaranta.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Yekuwa, ƙasar rairayi, inda dutse ko na jifan akuya sai an nema. Malaminmu, Mushe Sule, baƙo ne daga can yamma wajen kogi. Mutum ne mai son tambaya, har manya suna cewa ya fi mai gari sanin yawan rumbunan gari. Shi ne ya ji labarin kufai, wato tsohon garin da kakanninmu suka tashi daga gare shi lokacin da rijiyarsa ta rufta, ya ce lallai sai ya kai mu yawon buɗe ido mu ga tarihinmu da idonmu. Ya yi ta zana mana ganuwa da ƙofofi a allo har muka ɗauka birnin Damagaram za mu gani. Da ya nemi wanda zai yi mana jagora, sai aka ce a cikin waɗanda aka haifa a can, Iya kaɗai ta rage da ƙafar tafiya.

Iya ba don Mushe ta yarda ba. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ta kai sai ta shafa fuskar mutum ko ta ji muryarsa kafin ta tabbatar da shi. Tana da kamar shekara goma suka baro kufai, mahaifiyarta kuma ba ta daɗe a sabon gari ba ta rasu. Sunan mahaifiyar nan aka sa mini, shi ya sa Iya ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, sai dai Uwani, har gari duka ya ɗauka. In ina surfe ta ce uwarta ba ta iya riƙon taɓarya ba, in na dawo rijiya da rabin tulu ta ce uwarta ta zama raguwa. Da jajiberin tafiyar, tana tsince wake a faifai, ta ce da ni: "Uwani, gobe zan tsaya a tsakar gidanmu kafin idon nan ya gama tafiya. In ban gan shi gobe ba, na gama ganinsa." Na ji ta, amma hankalina yana kan ƙuli-ƙulin da zan tafi da shi.

Hanya ta yi daɗi. Gonaki sun zama fili, sai kara a kwance da damman gero a jingine, mata suna kalar gyaɗa, fara tana ta tashi a gaban shanu. Muka yi waƙa har muryoyinmu suka dushe. Da hantsi ya ɗaga mai amalanke ya ja igiya ya ce an iso. Muka dira muna waige-waige. Babu ganuwa, babu ƙofa, babu ko guntun katanga. Gona ce kawai da aka girbe, da wata tsohuwar kuka, da wani ɗan kwari mai goruba a gefe. Mushe ya cire hula ya sosa kai, ya duba littafin da ya zo da shi don rubutu, ya mayar aljihu. Wani yaro ya tambaye shi da ƙarfi ko nan ne tarihin, aka fashe da dariya. Amalanke ya jijjiga Iya, sai ta ce a bar ta ta huta a gindin kuka tukuna, Mushe kuma ya sallame mu mu yi wasa.

Wasa kam mun yi shi. Maza suka yi langa a rairayi, suka bi fara da rassa, mu kuma muka zana 'yar gala-gala, muka ɗebo magarya cike da kallabi. Daga baya muka gangara kwari, maza suka jefo goruba da sanduna, muka gwigwiye ta har haƙora suka yi tsami. Saura ƙwallon, kuma babu abin fasawa. A nan ne ni mai wayo na tuna na yi tuntuɓe da wani abu mai tauri a tsakiyar gonar. Na ja ƙawata Zulai da maza uku muka tone shi, muka birkice shi, sai ga dutsen niƙa wanda ya sha aiki har cikinsa ya yi rami. Muka yi murna kamar mun tsinci akuya. Na ɗaura masa ɗankwalina muka ja shi zuwa kwari, maza suka cike ramin suka baza kara a kai don kada mai gona ya gane. Har ina cewa da yamma zan sa a amalanke in kai wa Iya tsaraba.

Bayan azahar Iya ta miƙe ta ce a kai ta bakin rijiya. Wani ɗan wuri ne da ƙasa ta lotsa, wanda ba don ita ba ko akuya ba za ta kula da shi ba. Ta ba kukar baya, ta kira ni in riƙe mata hannu, ta fara tafiya da ɗan takunta na tsohuwa, mu duka muna biye. Ba ta miƙe sak ba. Sai ta yi gaba, ta karkata, ta raɓa, kamar mai bin lungu, alhali fili ne fetal. Ta ce nan masaƙa suke, can marina take, wannan gidan Sarkin Noma ne, kuma ta tsaya ta yi sallama a ƙofarsa. Yara suka fara ƙunshe dariya, ni kuma kunya kamar ta kashe ni. Wani ya yanke ta gabanta da gudu, ta ɗaga sanda ta ce: "Kai ɗan wa ne, da za ka tsallake wa mutane katanga? Bi ta ƙofa." Mushe bai yi dariya ba. Ya fito da littafinsa ya fara rubutu.

Tana tafe tana ƙirga a hankali. Ta ce tun tana yarinya take ƙirga takunta daga rijiya zuwa gida don ta manta da nauyin tulu: saba'in zuwa lungun masaƙa, a juya dama, arba'in zuwa tsakar gida. Sannan ta faɗa wa Mushe alamar da za ta gane gidansu da ita. Ranar tashi, in ji ta, kowace uwar gida ta kife tsohon dutsen niƙanta a tsakar gida, da ɗan dutsen a ƙarƙashinsa, don duk wanda ya dawo ya gane gidansu. Rairayi ya haɗiye na sauran, amma mai gonar yakan aiko mata duk shekara cewa nata yana nan, yana kewaye shi da hauya.  Na waiga wajen Zulai, ta sunkuyar da kai.

Iya ta cika arba'in ta tsaya. Ta caka sanda gaba, ta caka hagu da dama, sai rairayi. Ta ce a mayar da ita rijiya. Muka koma, ta sake ƙirgawa, ta sake tsayawa a wurin, sanda ta sake nutsewa. A karo na uku ba ta caka ba ma. Ta saki hannuna, ta zauna a ƙasa da saƙinta na Sallah, ta ce da ƙaramar murya: "Mushe, ka yi haƙuri, na wahalar da yaranka. Ashe ba ido kaɗai ya tafi ba, har da kan. Na manta gidanmu." Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na san bulalar Mushe, na san ta babana wadda ta fi ta, na kuma san in na yi shiru babu wanda zai tona. Amma ban taɓa ganin Iya ta ƙanƙance haka ba, kuma ni na jawo.

Na durƙusa na faɗa, da kuka da majina, ban ma san da wace kalma na fara ba. Na janye karan da ke gefen ƙafarta na shiga tono da hannu. Ƙasar ta yi laushi, ban yi nisa ba yatsuna suka taɓa wani abu mai santsi. Ɗan dutsen ne, wanda gaggawa ta hana mu gani. Tsakaninsa da inda sandarta ta fara sauka bai kai taƙi ɗaya ba. Na sa mata shi a tafin hannu. Ta daɗe tana shafa shi, ta kai shi kusa da ido, ta shinshina. Mushe ya riga ya karyo reshe, sai ta ɗaga masa hannu. "Bar ta," in ji ta. "Mai dutse ce ta ɗauki dutsenta. Sai dai, Uwani, tun da kika dawo duniya ba ki iya ajiye kaya inda kika same su ba." Aka yi dariya, ita ma ta yi, sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

Mu biyar ɗin da muka ja dutsen mu muka dawo da shi, muka kife shi da ɗansa a ciki. Iya ta yi addu'a a tsakar gidansu, ta nuna mini inda murhu yake da inda ɗakin innarta yake. Sannan ta sa ni na taka daga rijiya ni kaɗai, sau uku, ina ƙirgawa da ƙarfi. Takuna ya zo daidai da nata, don takun tsohuwa da na yarinya ba su da bambanci. Kafin damina ta zagayo idonta ya rufe gaba ɗaya, ba ta sake zuwa kufai ba.

Bara aikina na malamar gona ya kai ni horo ƙasar Fotugal. Wata Asabar aka kai mu wani tsohon ƙauye a kan tudu, kuma can na ga irin abin da Mushe ya zana mana a allo. Komai dutse ne: gidaje, lunguna, garken awaki, har da rusasshen gidan sarauta a ƙololuwa. An shafa fenti ja da rawaya a jikin duwatsu don masu yawo kada su ɓata. Muka bi hanyar ta cikin itatuwan zaitun har rafi, inda wasu ke iyo, wasu na wucewa a kan keke, wasu sun shimfiɗa abinci a kan wani ƙaton dutsen niƙa na da. Jagoranmu ya ce matasa sun tafi birni, tsofaffi kaɗan suka rage. Muka zo wani gida da ya zube, saura ƙofa a tsaye. Abokan tafiyata suka tsallaka katangar suna ɗaukar hoto. Ni ban san lokacin da na zagaya ta ƙofa na yi sallama ba. Wata tsohuwa mai baƙin kallabi da ke zaune a dakalin maƙwabta ta tambayi jagora me na ce. Da ya faɗa mata, ta kama hannuna ta ambaci sunan matar gidan, ta riƙe ni ta ƙi saki. Gaskiya na yi kishinsu, don su ko sun manta, katanga tana tuna musu.

Da na dawo gida na ɗauki 'yata mai shekara tara, muka hau babur ɗin kabu-kabu daga garin Dungas har kufai. Kukar ta faɗi, saura kututture, mai gonar ma ya rasu, jikansa bai san da wani dutse ba. Na taka saba'in da arba'in, na wuce wurin nesa, don ƙafata ta yi tsawo. Sai na mayar da yarinyar bakin rijiya, na ba ta sanda, na ce ta ƙirga. Tana ta ƙunƙuni ita ma, wai rana ta dame ta. A na arba'in ta caka, sanda ta nutse kusan kamu ɗaya, sannan ta yi ƙara. Na ce ta yi sallama, ta dube ni kamar na zautu, amma ta yi. Garin Iya ba shi da katanga ko ɗaya, a ƙafar yarinya yake zaune.