Mun Kori Gangunan Baba Sule, Yau Muna Saka Hotonsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago a kasuwar Tianxiu, nan Chana, da safiyar nan aka kira ni, Baba Sule ya rasu. Shi kaɗai a ɗakinsa a unguwar Dengfeng. Sai da ya kwana biyu kafin mai gidan ya fasa ƙofa.

Kwana biyu, a unguwar da muka cika maƙil.

Ga wanda bai san shi ba, makaɗi ne daga Zangon Kumasi, ya riga yawancinmu zuwa garin nan. Duk Lahadi bayan la'asar yakan fito da gangunansa uku a bayan wani gidan abinci. 'Yan Kano mu zo, 'yan Maraɗi su zo. Har wani ɗalibi ɗan Brazil ya taɓa tsayawa, ya ce da irin kiɗan nan kakarsa take rawa. Baba ya ce masa, "Namu ne, a jirgin bayi aka tafi da shi."

Shekarar da matata ta rasu a Kano, matsalar biza ta hana ni ko zaman makoki. Na daina cin abinci, na daina magana. Baba bai yi mini dogon bayani ba. Ya ɗora mini ganga a cinya ya ce, "Ɗana, doka. Ba sai ka iya ba." Na doka har hannuna ya kumbura, sannan kukan da ya ƙi fita wata guda ya fito.

Haka ya yi wa waɗanda kwantenarsu ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Nansha, da waɗanda aka kora daga haya.

Bara wasu a group ɗinmu suka ce kiɗan yana zubar mana da mutunci a gaban 'yan Chana. Suka sa mai gidan abincin ya hana shi wurin, suka cire shi daga group. Ina gani na yi shiru, don kada in ɓata da kwastomomi.

Yau su ne suke saka hotonsa, wai "gwarzon al'ada". Ku ji kunya ku sauke.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan sallar Juma'a ce, sati biyu ke nan. Ya rame sosai. Ya ce, "Ɗana, ajiye mini gangunan nan a sitonka, mai gida ya ce sun cika ɗaki." Na ce sito a cike yake. Ya yi murmushi, ya ce da Sinancinsa, "Meyo ko? Babu wuri. To, ba komai."

Akwai wuri. Surutun mutane na ji tsoro.

Ɗazu na je gidan da yake haya, an riga an watso kayansa gefen bola. Ganga biyu na samu, ɗaya fatar ta yage. Suna nan a ƙofar shagona. Wanda ganinsu ya dama, ya sayi kaya a wani wurin.

Allah Ya gafarta maka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mana abin da muka yi maka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a kafin ya wuce.