Hannun Daman Baba

Ƙanwata ta iso gidanmu na Gadarif a shekarar da yaƙi ya kore su daga Khartum, da jaka ɗaya a kafaɗa. Na buɗe jakar ina neman kayan wanki, sai ga wata hula mai wayoyi, da safar hannu mai ƙananan injina a bayan yatsu, da kwamfuta. Ko zani na biyu babu. Na wanke ƙanwar tawa tas da faɗa. Mutane na gudu da takardunsu, ita ta gudo da aikin jami'arta.

Tun kakar riɗi Baba ya faɗi a gona a Ƙala'at an-Nahal, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi na da kaifi, amma hannun ya kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaisuwa. Mutum ne da bai taɓa miƙa wa kowa hagu ba. Sai ya daina fita rakuba, rumfar da yake karɓar baƙi. In aka yi sallama, ya ce a ce yana barci.

Ƙanwata ta yi mana bayani. Hular na sauraren ƙwaƙwalwa. In Baba ya yi niyyar damƙe hannu, sai ta kama alamar, safar ta lanƙwasa yatsun. Da sun taɓa abu, wani ɗan ƙarfe da ta ɗaura masa a damtse, inda yake da sauran ji, sai ya girgiza. Da wannan taɓin ƙwaƙwalwa za ta san ta yi daidai, na'urar ma ta koyi irin alamarsa. Ana rufe hannun da mayafi don kada ido ya yi wa fata aikinta.

"Wato yanzu kaina ma sai an yi masa tafinta," in ji Baba. Amma ya sa hular.

Da safe ita ke zama da shi. Da la'asar takan tafi taimako a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, ta bar ni, ta ce in sa hannuna cikin nasa kawai in jira. Ni kuwa jira ba halina ba ne. Kuma mu an raine mu ne kafin Baba ya nemi buta mun ajiye ta gabansa. Rana ta uku na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa a rufe, gumi na bin gemunsa, safar ko gezau. Sai na zura ɗaya hannun ƙarƙashin mayafin, na tura yatsunsa suka rufe a kan nawa. Ƙarfen damtse ya girgiza.

Ya buɗe ido. "Na ji ki, ya bitti," ya ce, wato 'yata, ya yi dariyar da rabona da ita tun kafin ya faɗi.

Na ci gaba da yi kullum. Ƙanwata na duba kwamfuta tana ɓata rai, wai aikin safe yana komawa baya. Ta zargi wutar lantarki, ta zargi zafi. Na ɓoye mata abin da nake yi. Ban sani ba ashe duk turawar da na yi na'urar na ɗaukar ta nasara ce, tana koyon alamar da ba ita ba.

Baba da kansa ya aika wa amininsa na Mafaza, wanda suka yi yankan riɗi tare a Fashaga tun suna samari. Ƙanwata ta ce lokaci bai yi ba. Baba ya ce ai da la'asar hannun ya fi jin magana, to aminin ya zo da la'asar.

Ranar ya sa farar jallabiya, aka naɗa masa rawani a kan hular, ya fito rakuba. Tsohon amininsa ya iso, ya dafa kafaɗarsa yadda ake yi, sannan ya sa hannunsa cikin safar. Babu mayafi. Baba ya rufe ido. Muka jira har jabanar da na kawo, gahawarmu, ta daina tururi. Yatsun ba su motsa ba.

"Ma'alesh, ba komai ɗan'uwa, ai mun gaisa," in ji tsohon.

Baba bai dube shi ba. Hannuwana ya kalla, sannan fuskata. "Ke ce, ko?"

Na gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na samu sauƙi. Ya ɗaga hagunsa ya miƙa wa amininsa, ya ce, "Ka yi haƙuri da wannan."

Bayan baƙon ya tafi, ƙanwata ta durƙusa gabansa ta ce za ta goge komai a fara daga farko, abin zai yiwu. Baba ya girgiza kai.

"In ƙarfen ya sake girgiza, ya bitti, ta yaya zan san nawa ne, ba na wani ba?"

Ya rasu da damina ta zagayo, bai sake sa hular ba. Har yau zuciyata na ƙuna, domin da na bar shi ya sha wahalarsa, wataƙila da ya gaisa da damansa.