Malam Ɗanliti da Kwamfuta Mai Lamba Sha Bakwai

Injiniya Kamaruddeen, shugaban ofishinmu na Makoɗa, ya ce daga zaune yake ganin duk kwamfutocin ƙungiyarmu, guda arba'in da ɗaya, kuma ko ƙuda ne ya sauka a kan ɗaya a Tsanyawa sai ya sani. A taro ya faɗa. Ya kuma maimaita da Turanci, saboda waɗanda suka riga suka ji da Hausa.

Ba shi na zo yi wa jinjina ba. Shi yana da hotonsa a kalanda.

Malam Ɗanliti nake nufi, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan bayan shekara tara, saboda idonsa ya fara gardama. Da mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. A takardar ofis an rubuta masa "mataimaki", ba a dai faɗi wa yake taimaka ba.

Aikinmu rajistar manoma ne saboda rabon iri da taki: suna, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, girman gona. Duk suna cikin kwamfutocin da muke yawo da su ƙauye-ƙauye. A cikin kowace akwai wata manhaja da muke ce wa 'yar gulma. Kullum sai ta aika wa hedikwata a Kano labari: an sa lambar sirri ko ba a sa ba, an sabunta ta ko an bar ta, an kulle cikinta yadda ko ɓarawo ya kwance ta ba zai karanta komai ba. In lafiya lau, allon ofis ya nuna kore. In da matsala, ko ta kwana bakwai ba a ji duriyarta ba, ja. Sau ɗaya a shekara masu bincike su zo su duba.

Abin da masu kalanda ba su sani ba, 'yar gulma ba ta gulma sai da caji da sabis.

Shi ya sa kullum da sassafe Malam Ɗanliti zai sha kokonsa a tsaye, ya ƙirga jajayen da ke kan allo, ya ɗaure batirin sola a bayan babur ya kama hanya. Da damina in hanya ta ci, tura babur ɗin yake ta gefen gonakin mutane, yana ba da haƙuri gona-gona, tunda a nan babu inda za ka taka da ba na wani ba. Akwai wata kuka a hanyar Tsanyawa, nan kaɗai sabis ke kamawa. Mutanen wajen sun saba ganinsa a gindinta da kwamfuta huɗu a jere kan tabarma, kamar mai shanyar kuɓewa.

Kaltume, abokiyar aikina, ta taɓa rubuta lambar sirrinta a takarda ta manna a jikin kwamfutar da salatef. Allo kore shar, tunda dai akwai lambar sirri. Malam Ɗanliti ne ya gani.

Ya ce, "Kaltume, kin rufe rumbu kin rataye mukullin a jikin ƙofa."

Ta ce, "Malam, ai allo bai yi ja ba."

"Allon ba shi da ido, 'yata. Abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa."

Ya zauna da ita har ta haddace sabuwa, yadda ake biya wa yaro karatu. Ba a rubuta wannan a rahoton kowa ba.

Kai ne ka koya mini wannan aikin, Malam. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, sauran a wayar yayata na tsinta. Ban taɓa jin ka ce mini "wannan ya fi ƙarfinki" ba. Cewa kake, "Danna mu gani, ba ta cizo."

Saura sati uku bincike, allo ya zama kore arba'in, ja ɗaya. Lamba sha bakwai. Kwana casa'in da huɗu ba ta yi magana ba, kuma a rubuce ta ajiya ce, wato tana hannun Malam Ɗanliti. A kabad kuma babu ita.

Ina wajen Injiniya ya kira shi. Ya ce, "Baba, cire ta daga lissafi kawai. Arba'in cikin arba'in, ɗari bisa ɗari. Abu mai sauƙi."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai sunan manomi ɗari shida a cikinta. In na goge ta daga allo, wa zai sake tambayarta?"

"Ni ne injiniya a nan ko kai?"

"Kai ne. Amma hannuna ba zai goge ba."

Washegari aka ba Malam takardar tuhuma, cewa ya yi sakaci da kayan ofis, kuma in masu bincike suka tabbatar, korarsa za a yi. Mutumin da ko biron ofis bai taɓa kaiwa gida ba, zai koma gari da sunan wanda kwamfuta ta ɓace a hannunsa. A garinmu wannan sunan ba ya wankuwa, har jikoki ake ba wa.

Na same shi a gindin kukar nan na ce, "Malam, ka san inda take?"

Ya ce, "Na sani."

"To ka faɗa mana."

"Na faɗa wa wanda ya kamata ya ji, sau uku, mu biyu. Ba na kwance wa mutum zani a kasuwa."

A nan kam ban yarda da kai ba, Malam, har yau. Ni da tuni na kwance, na kuma kira mai hoto. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba: ka ƙi yin ƙarya don a rufa maka asiri, ka kuma ƙi tona na wani don ka tsira. Sati uku kana zuwa aiki da jar nan a kanka, ba ka fasa zuwa gindin kuka ba ko rana ɗaya. Namijin duniya, ƙi-gudu. Kirarin da na iya ke nan.

Mun gode. Manoman da ba su san sunanka ba su ma sun gode, ko ba su sani ba. Ku kuma da aka ba ku allo ku tsare, a asibiti ne ko a makaranta ko a ofis, in ja ce ku bar ta ja, ku hau babur ku je ku ga dalili. Wanda bai ji daɗin wannan rubutun ba, ya san teburina.

Ranar bincike mace aka turo, Malama Humaira, ba ta da yawan magana. Injiniya ya haɗa kwamfutarsa da majigi ya yi bayani na awa ɗaya. Ya ce kowace kwamfuta tamu, in aka bar ta minti biyar, kulle kanta take yi. Da ya zo kan sha bakwai ya girgiza kai, ya ce abin takaici ne, tsufa ne ya kama mai riƙe da ita, an riga an ɗauki mataki. Malam Ɗanliti yana zaune a bencin baya, hannunsa a kan gwiwa.

Aka tashi sallar azahar, aka ci shinkafa da wake. Muka dawo bayan kusan awa guda. Bayanin Injiniya na nan a bango yadda ya bar shi, kwamfutarsa a buɗe.

Malama Humaira ta duba agogonta. Ta ce, "Injiniya, taka ba ta kulle kanta?"

Ya ce, "Wannan ta musamman ce, Hajiya. Na cire mata waɗannan tarkacen, nauyi suke sa mata."

Ta ɗaga ta, ta kifa, ta karanta lambar kamfani da ke ƙasanta a hankali, tana bin takardarta da biro. Sannan ta ajiye ta a gabansa.

Ta ce, "To, Alhamdulillahi. An ga sha bakwai."