Takarda biyu a hannun baban Hadiza

Malam Idi, baban ɗalibata Hadiza, ya tare ni a ƙofar aji da takarda biyu.

"Malam, wannan an ce ta ci, wannan an ce ta faɗi. In faɗuwa ta yi, gara ta koma kiwo."

Ban ga laifinsa ba. A sati ɗaya muka yi jarrabawar makarantarmu da wadda hukumar ilimi ta aiko daga Magarya, ta biyun kuma da zazzaɓi Hadiza ta rubuta.

Na kira ta, na miƙa mata littafi. Ta karanta shafi guda ba gargada.

Ya ninke takardun ya sa aljihu. "To, ta zauna. Ni zan bi shanun."

Tun ranar ba na aika sakamako gida, sai na zauna da iyaye. Malamai, ku ya kuke yi?